Magajin Magani: Littafin Aikin Saƙonnin Murya a Kan Hanta

Lahadi, 13 ga Afrilu 2025

Ranar Alhamis wani ɗan moto ya shigo kantinmu, gumi na zuba, ya dire dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, a kan kanta ya ce, "Dokta, ba ni na wanke hanta." Ni ba dokta ba ne, mai taimaka wa likitar magani ne, amma a Garwa ta Kamaru duk wanda ya sa farar riga ya tsaya bayan kanta ya zama dokta. Na tambaye shi abin da ya ɓata hantar har take neman wanki. Ya ce ƙwayoyi sun yi masa yawa a watan nan, kuma an faɗa masa suna kwanciya a hanta kamar laka a gindin randa. Na yi masa bayani iya bakin ƙoƙarina, ya saurara da ladabi, ya ɗauki kuɗinsa. Na tabbata teburin mai magani na bakin kasuwa ya nufa, inda ba za a yi masa tambaya ba.

Shi ne na uku a mako guda. Don haka na yanke shawarar yin saƙonnin murya takwas da Hausa, kowanne kada ya wuce minti biyar, a kan abin da hanta take yi wa magani. Za su bi ta WhatsApp, domin mutanen da nake nufi ba sa karanta takardar cikin kwali, wadda da Faransanci take kuma rubutunta kamar ƙafar kiyashi. Hajiya, uwar ɗakina, ta yarda za ta saurari kowanne kafin ya fita. Sharaɗinta ɗaya ne: kada in faɗi abin da zai sa wani ya mai da kansa likitan kansa. Wani abokina ya ce idan na gama zai juya su zuwa Fillanci.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na ɓata dare biyu a kan misalin rariya, yau na jefar da shi. Kowa yana son a ce hanta rariya ce, tana tace jini, datti ya tsaya, mai kyau ya wuce. Daga wannan misalin ne batun wanki ya samo asali, tunda duk abin da yake tacewa wata rana zai toshe. Alhali hanta ba ta ajiye magani a jikinta tana jiran a zo a kwashe. Sāke shi take yi, ta mai da shi wani sinadari dabam, sannan ta sallame shi.

Dalilin sākewar shi ne abin da nake son saƙo na farko ya tsaya a kai. Yawancin magunguna masu son maiƙo ne, dole ma su zama haka, in ba haka ba ba za su ratsa bangon hanji su shiga jini ba. To amma ƙofar fita ta ruwa ce, wato fitsari. Idan abu mai son maiƙo ya isa ƙoda, ta tace shi, sai ya sulale ta bangon bututunta ya koma cikin jini. Da haka zai yi ta zagaye. Duk macen da ta taɓa wanke kwanon man gyaɗa da ruwa zalla ta san wannan: sai an kawo sabulu ko toka man yake yarda ya bi ruwa. Aikin hanta ke nan, ta mai da mai son maiƙo ya zama mai son ruwa, ƙoda ta fitar da shi, ko ya bi ruwan madaciya ya sauka hanji ya fita da bayan gida.

Abu na biyu ya fi sauƙi, domin mu mutanen bakin iyaka ne. Jinin da ya kwaso abinci da magani daga hanji ba ya zarcewa zuciya. Wata babbar jijiya ce take tattara shi ta kai shi hanta tukuna, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta take karɓa ta wannan hanya yake zuwa. Duwan ke nan, wato shingen kwastan. Duk kayan da aka haɗiya sai an sauke su a can, wani a ɗebi kaɗan, wani a ɗebi fiye da rabi, kafin saura ya shiga gari. Allurar jijiya kuwa ta bayan duwan take bi, shi ya sa awon wasu magunguna na sha ya fi na allura nesa ba kusa ba. Hantar babban mutum nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi ne, kuma jini wajen lita ɗaya da rabi yake ratsa ta kowane minti.

Laraba, 23 ga Afrilu

Kalma ta tsaya mini a wuya. A makaranta da Faransanci muka koyi sunan abin da magani yake komawa bayan hanta ta taɓa shi, metabolit. Idan na faɗi haka a saƙo, an rufe waya. Na gwada "ɗan magani", sai ƙanena ya ce shi ya ɗauka magani kaɗan nake nufi. Na gwada "'ya'yan magani", ya ce ai ƙwayoyin ke nan. "Dusa" da "tsaki" da "saura" duk suna nuna abin banza ne, kuma nan ne kuskuren yake, domin wani lokaci abin da hanta ta fitar shi ne yake yin aikin gaba ɗaya.

Da dare ina zaune a tsakar gida ina ƙorafi, an ɗauke wuta, Inna tana fifita da mafici. Na ce mata abu ne da yake tasowa idan maganin ya gushe, wani ba ya tsinana komai, wani ya fi na farkon ƙarfi, wani kuma ɓarna yake yi. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Babana, ai magaji kake faɗi. Wani ya riƙe gida, wani ya fi ubansa, wani ya sayar da gidan."

Na rubuta a bayan kwalin ashana don kada in manta. Magajin magani. Hajiya ta yi dariya da safe ta ce a saka sunan Inna cikin ma'aikata.

Asabar, 3 ga Mayu

Saƙo na ɗaya da na biyu sun fita. Na ɗauki na farko sau bakwai. Zakaran maƙwabta ya shiga uku, wani mai moto ya shiga ɗaya, a ɗaya kuma ni ne na yi ta maimaita "wato" har na ji kunyar kaina. A ƙarshe cikin ɗakin ajiyar kanti na shige bayan an tashi, na kashe fanka saboda ƙara, na fito kamar wanda aka tsamo daga Binuwai.

Na biyun a kan matakai biyu ne da hanta take bi, rabon da wani masani ɗan Birtaniya, Richard Tecwyn Williams, ya fito da shi a fili a 1959. A mataki na farko ana ɗan sassaƙa maganin, galibi a liƙa masa iskar oksijin ko a cire masa wani ɗan reshe, kamar maƙeri ya yi wa tukunya mariƙi. A na biyu sai a ɗaura wani abu mai son ruwa a jikin mariƙin, ko wani dangin sukari, ko salfet, ko wani sinadari da ake kira gulutatayon. Na kwatanta shi da gorar da masunta suke ɗaura wa kaya don su bi ruwa. Ba kowane magani yake bin matakan biyu a jere ba, wani da mariƙinsa yake zuwa, sai a zarce da shi wajen ɗaure.

Maƙeran mataki na farko wasu sinadaran aiki ne da ake kira saitokurom P450. Wasu Japanawa biyu, Omura da Sato, suka raɗa musu sunan a 1962, kuma lambar 450 daga awon hasken da suke sha aka samo ta. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gadonsu 57, amma 'yan kaɗan ne suke ɗauke da yawancin aikin magunguna, babbansu CYP3A4. A saƙon ban faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, "maƙeran hanta" kawai na ce. Akwai labarin da na so ƙwarai in saka, na wani Bajamushe, Keller, da ya haɗiyi sinadarin benzowik a 1842 ya tara fitsarinsa, ya tarar ya koma wani sinadari da aka fara samu a fitsarin doki. Hajiya ta ce minti biyar ba ya ɗaukar doki. Na cire, ina jin zafi.

Talata, 13 ga Mayu

Farasitamol. Wannan ne saƙon da ya sa na fara aikin tun asali, domin babu gidan da ba shi, kuma ba wanda yake jin tsoronsa.

Idan mutum ya sha daidai awo, hanta tana ɗaure mafi yawansa kai tsaye da dangin sukarin nan ko da salfet, su fita a fitsari lami lafiya. Ɗan kaɗan, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, shi ne yake faɗawa hannun maƙera, musamman CYP2E1, su fitar da magaji mai suna NAPQI. Wannan shi ne mai sayar da gida. Duk abin da ya tarar a cikin ƙwayar hanta sai ya manne masa ya lalata shi. Abin da yake hana shi ɓarna gulutatayon ne, wanda hanta take da rumbunsa, yana fitowa ana cafke shi. Idan aka sha da yawa, hanyoyin ɗaurewa na farko su cika, kaso mai yawa ya karkata wajen maƙera, rumbun ya ƙare, sai magajin ya shiga cin hantar da ta haife shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro, kuma na nanata shi sau biyu a saƙon, shi ne yadda yake yaudara. Ranar farko mutum zai ji tashin zuciya kawai, ko ma ya ji garau. Sai kwana biyu zuwa huɗu ido ya yi ɗorawa, ciwo ya kama ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Makarinsa, asetilsistin, aikinsa ya cika rumbun nan, kuma ya fi amfani idan an ba da shi cikin awa takwas na farko. Wanda ya jira sai ya ga alama ya makara.

Lissafin da muke bai wa mutane a kanti shi na saka: babba kada ya wuce giram ɗaya a sha guda, ƙwaya biyu ke nan ta 500, kada ya wuce giram uku a yini sai da izinin likita, giram huɗu kuwa iyaka ce da ba a tsallakewa. Yaro da nauyinsa ake auna masa, miligiram 15 a kowane kilo, bayan kowace awa shida. Mai rama, da wanda ya daɗe bai ci abinci ba, da mai shan bilbil ko arki kullum, rumbunsu a ƙasa yake, ga shi kuma giya tana ƙara yawan maƙerin da yake fitar da mugun magajin. Su iyakarsu ta fi kusa.

Ni a ganina masu shanye kwali guda da gangan ba su ne yawancin matsalarmu ba. Mai zazzaɓi ne da zai sha Doliprane da safe, da rana ya jiƙa Efferalgan, da yamma ya karɓi haɗin mura a wajen mai tebur, da dare a ƙulla masa "na ciwon jiki" a leda, yana ganin magani huɗu ya sha, alhali abu ɗaya ne ya canza riga sau huɗu. Na ce su riƙa juya kwali su nemi kalmar da idonsu, ko su ba ɗan makaranta ya duba musu.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na yi ɓarna. Wata mata ta zo da safe, goyo a baya, ta ce, "Malam, kai ne mai maganar hanta?" Na amsa da fara'a, ina jiran yabo. Ta ce ta ji saƙon, shi ya sa ta ɓoye wa maigidanta ƙwayoyin tarin fuka kwana uku ke nan, tunda fitsarinsa ya koma ja, ga shi na ce magani yana cin hanta.

Gabana ya faɗi. Jan fitsarin nan launin rifamfisin ne kawai, ɗaya daga cikin magungunan tarin, har gumi da hawaye yana rinawa, ba jini ba ne. Hajiya ta bar abin da take yi ta zaunar da ita, ta ce, "'Yar'uwa, yau ɗin nan ki raka shi inda yake karɓar maganin, ki faɗa musu kwana nawa ya tsallake, kada ki rage ko ɗaya." Ta kuma lissafa mata alamomin da suke nuna hanta ta taɓu da gaske: farin ido ya koma ɗorawa, amai ba ƙaƙƙautawa, ƙin abinci, ciwon gefen dama.

Bayan ta tafi Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ita ma ta saurari saƙon ba ta hango wannan ba. Na sake ɗaukarsa da dare, na ƙara jimla a farko da ƙarshe cewa duk wanda asibiti ta ɗora a kan magani kada ya tsayar sai ya koma wurinsu. Tsohon kuwa ya riga ya shiga wayoyi, kibiya ta bar baka. Daga yanzu kowane saƙo sai mutum uku da ba su san aikin magani ba sun ji, sun faɗa mini abin da suka fahimta, kafin ya fita. Inna ce ta farko.

Litinin, 9 ga Yuni

Mako uku ban taɓa aikin ba. Jikina ya yi sanyi bayan abin da ya faru, sannan hidimar Sallah ta shigo.

Ranar layya ce ta dawo da ni. Maƙwabcinmu mahauci, dattijo, shi yake feɗe mana kowace shekara. Da ya ciro hantar ragon na ce, "Baba, dakata in gani kafin a kai wuta." Ya shimfiɗa ta a kan tire, tana sheƙi, ja mai duhu, gefenta siriri kamar bakin wuƙa. Ya juya ta ya nuna mini inda jijiyoyi suke shiga a wuri ɗaya, ga madaciya kore a manne. Ya sa tsinin wuƙa ya ɓare ta a hankali yana cewa, "Yaro, wannan in ta fashe, an yi asarar hanta." Da ya yanka tsakiya sai ga ramuka manya da ƙanana ko'ina, hanyoyin jini. Na duba da kyau, babu wani lungu da laka za ta kwanta. Ya ce a shekarunsa na fawa ya ga hanta mai tsutsa, ya ga mai ƙurji, ya ga wadda ta taurare ta yi gurje-gurje har wuƙa tana ƙara a kanta, kuma irin wannan ba ta da gyara sai rami. Na roƙe shi ya maimaita a waya. Muryarsa ce za ta buɗe saƙo na huɗu, ta fi tawa nauyi.

Na huɗun ba a kan magani yake ba, a kan gyaɗa ne, amma hanyar ɗaya ce. Fumfunar da take kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. Yadda take shiga jiki ba ta gama zama mugu ba, maƙeran hanta ne suke sassaƙa ta da niyyar fitarwa, sai magajin ya je ya manne wa ƙwayar gado. Shekara da shekaru ana haka, ciwon dajin hanta yake biyowa, kuma idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B haɗarin yana ninkuwa sosai. Suya ba ta kashe ta. Damina ta kama, gyaɗar bara tana cikin buhuna, kuma na san inda ƙwayoyin da aka tsince masu ɗaci da baƙi suke tafiya: ba a zubarwa, cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza suke ƙarewa. Wannan jimlar na san za ta ɓata wa wasu rai a unguwa. Na bar ta.

Lahadi, 22 ga Yuni

Tiramol. Na tara 'yan moto biyar a ƙarƙashin dalbejiyar tasharsu, na saya musu shayi, na ce su yi mini tambaya. Tambayar farko ta fi duk abin da na shirya: me ya sa wani zai sha ɗaya ya yi ta layi, wani ya sha uku ya ce bai ji komai ba?

Amsar tana wajen maƙeri ɗaya, CYP2D6. Tiramadol, wato tiramol, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa a 1962 ya fitar kasuwa a 1977, shi kansa ba shi da ƙarfi sosai a wurin da dangin ofiyom suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Sai maƙerin nan ya cire masa ɗan reshe guda, magajin ya fito, wanda ya fi uban kamu nesa ba kusa ba. Kodin ma haka yake, wannan maƙerin ne yake mai da shi mofin. To, maƙerin gado ne. Wani an haife shi da mai sanyin hannu, wani babu shi sam, wani kuma da ninki. A Turawa, biyar zuwa goma cikin ɗari ba su da mai aiki. A Habasha kuwa an samu kusan uku cikin goma masu saurin tsiya ne. Mai saurin nan awon da bai kai ya kawo ba zai iya danne masa numfashi. Mai sanyin kuma shi ne yake ƙara ƙwaya a kan ƙwaya yana neman abin da abokinsa yake ji, uban maganin ya taru masa a jini, shi kuwa uban aikinsa dabam ne, yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Da na faɗi haka sai suka kalli juna. Ɗaya ya ce, "Dokta, ashe ba iska ba ce ta kayar da wane a kan gada." Iyakar da likita yake bayarwa miligiram 400 ce a yini, na titi kuwa akwai mai 225 a ƙwaya guda.

Sai na ba su labarin tafashiya, wanda ya faru a ƙasarmu amma ba wanda ya taɓa ji cikinsu. A 2013 wasu masu bincike, da na Faransa a gaba, suka ba da sanarwar sun sami tiramadol a saiwar tafashiya ta arewacin Kamaru, wato itacen da kansa yake ƙera maganin da aka ɗauka sai a masana'anta. Duniyar masana ta ɗauka. A 2014 wata tawaga daga Dotmund ta Jamus, da 'yan Kamaru a cikinta, ta sake aunawa. Saiwoyin kudu babu komai. Na jihar Arewa Mai Nisa akwai, amma har a ƙasa da ruwa da saiwar wasu itatuwa da ba su haɗa dangi da tafashiya ba. Kuma tare da maganin suka sami magadansa, irin waɗanda jikin dabba ko na mutum yake fitarwa. Da suka tambayi manoma sai aka ce musu ai ana ba shanun huɗa tiramol don kada su gaji, su kuma a inuwar itace suke hutawa su yi fitsari. Masu binciken farko ba su sallama nan take ba. Daga baya tawagar Jamus ta auna nau'in kabon ɗin da ke cikin sinadarin, ta nuna na man fetur ne, ba na tsiro mai rai ba.

Wani cikinsu ɗan wajen Gidar ya yi dariya har da buga cinya, ya ce kawunsa yana jiƙa wa shanunsa a ruwa tun kafin Turawan su zo aunawa. Saƙo na biyar ya kai minti bakwai. Hajiya ta saurara ta ce wannan karon a bar dokin.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na shida ya koma kan rifamfisin, don in biya bashin watan Mayu. Bayan rina fitsari yana da wani hali da ba a gani: yana sa hanta ta ƙara ɗaukar maƙera. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sun yawaita, kuma ba maganin tari kaɗai suke sassaƙawa ba, duk abin da ya biyo ta duwan sai su cinye shi da wuri. Matar da take shan ƙwayar tazarar haihuwa ko take da ashana a hannu za ta iya ɗaukar ciki tana tsakiyar jinyar wata shida. Allurar wata uku ba ta cikin wannan. Mai shan dolutegirabir na ƙanjamau kuwa sau biyu a yini ake mayar masa da shi maimakon sau ɗaya. Ko an gama maganin tarin, sai an yi wajen mako biyu kafin maƙeran su ragu. Wannan saƙon wata ma'aikaciyar jinya ce ta karanta shi, domin magana ce da mata za su fi sakin jiki su ji daga bakin mace.

Kishiyar haka ma akwai, maganin da yake ɗaure hannun maƙeri. Misalin a gidanmu na same shi. Kawuna ba ya rabuwa da goro, ga shayi, aka rubuta masa sifurofuloksasin, kwana biyu ya kasa barci, zuciya na bugawa. Maganin ya tsare CYP1A2, wanda yake rushe sinadarin kafeyin na goro da shayi da gahawa, sai na safe ya tarar da na jiya bai fita ba. Na ce, "Kawu, a rage goron har a gama." Ya ce gara a rage maganin.

Asabar, 19 ga Yuli

Masu rabon maganin riga-kafin zazzaɓin damina sun shigo unguwa, gida-gida, kamar yadda ake yi a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, ga yara daga wata 3 zuwa 59. Sun ba 'yar yayata na ranar farko a gabansu, suka bar wa uwar na kwana biyu. Na san abin da yake faruwa da na kwana biyun nan a gidaje da yawa: yaro ya tofar saboda ɗaci, ko a ajiye sai ya yi zazzaɓi. Don haka na sauya tsari, na bakwai ya zama nasu. Amodiyakin, maganin da ake sha duk kwana ukun, ba ya daɗewa a jini, cikin awoyi hanta take juya shi. Magajinsa ne yake zama makonni yana gadi, tare da ɗaya maganin na ranar farko, har wata ya zagayo a kawo wani. Idan an tsallake kwana biyun, magajin da zai taru ba zai kai ƙarshen wata ba. Inna ta ji ta ce wannan shi ne mai riƙe gida. Na ɗauka jiya, mutum biyu sun saurara, saura ɗaya.

Inda aka tsaya: shida sun fita, na bakwai yana jiran kunne na uku, na takwas ko rubutawa ban yi ba. Shi ne na jarirai da tsofaffi, yadda hantar sabon haihuwa ba ta gama koyon ɗaurewa ba, abin da yake sa shawara ta kama da yawansu a makon farko, kuma yake sa awon babba da aka gutsura ya zame musu guba. Ina son ungozoma ta zauna da ni kafin in taɓa shi. Abokina ya gama juya uku na farko zuwa Fillanci, amma ya maƙale a kan "magaji", ya ce zai tambayi kakarsa a Pitowa ranar kasuwa, gobe ke nan.

Ɗan moton nan na Afrilu ya dawo shekaranjiya sayen filasta. Ya ce ya ji na tiramol sau biyu, ya tura wa ƙaninsa a Marwa. Da zai fita ya juyo ya ce, "Amma Dokta, tsakani da Allah, na wanke hantar babu ko na dala ashirin?"